Ranar da Yaya Ya Tsaya Gadin Igiya

Ina idar da sallar asuba na saɓa jakata na fito, ko shayi ban tsaya sha ba. Asabar ce, tsakiyar lokacin zafi, irin kwanakin da gari ke wayewa tun ido bai gama shirin buɗewa ba. Mount Hope, unguwarmu a Bronx, shiru, sai mai shagon kusurwa yana ɗaga ƙofar ƙarfensa, da wata maƙwabciyarmu 'yar Gana da ta taso daga aikin jinya. Ta ga dogayen takalman iyo sun leƙo daga jakata, ta tambaye ni ina zuwa. Na ce ƙarƙashin teku. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam," ta shige gida.

Masu bibiyata sun san tun hunturu nake cika musu kunne da labarin koyon nutso. Ni ɗan Kano ne, ruwan da na sani a yarinta bai wuce na kududdufin bayan gidanmu ba, shi ma in aka gan ka a ciki sai ka sha bulala. Amma na yi watanni a tafkin wanka ina koyon numfashi da tukunyar iska a baya, aka kai mu wani tafki a wata jiha aka gwada mu, na karɓi shaidata. Wannan Asabar ita ce ranar farko da zan shiga teku na gaske, a kan wani tsohon jirgi da ya nutse a gaban Brooklyn.

Wanda ya ja ni cikin harkar shi ne Yaya, ɗan wan mahaifina. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya tare ni a filin jirgin saman JFK ranar da na fara taka ƙasar nan, a falonsa na kwana wata shida, shi ya nuna min yadda ake ɗaura lakataye da yadda ake yi wa Bature magana ido cikin ido. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ya daɗe yana nutso, kuma shi ne zai zama abokin nutsona a ranar. A ƙa'idar wannan sana'a ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Bibbiyu ake shiga, kowa idonsa a kan ɗan'uwansa, in iskar ɗaya ta yanke, ɗayan ya miƙa masa bututunsa na biyu. Wato raina a hannun Yaya zai kasance, nasa kuma a hannuna.

Jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya ɗauke ni daga Bronx, ya bi ta saman rufin gidaje, sannan ya nutse ƙarƙashin Manhattan har ƙarshen tsibirin. Daga nan na shiga jirgin fito zuwa Staten Island. Duk wanda ya zo New York bai hau wannan jirgi da sassafe ba, an cuce shi. Kyauta ne, a garin da ko ledar cefane sai ka saya. Na tsaya a waje ina kallon dogayen benaye suna ja da baya, rana tana taɓa gilasansu ɗaya bayan ɗaya, gunkin macen nan mai riƙe da fitila yana wucewa ta gefe. Kusa da ni wasu ma'aikata ne suna gyangyaɗi a kan benci, ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa shekara ta bakwai ke nan, har yanzu baki nake saki.

Daga tashar na taka zuwa Tompkinsville, unguwar su Yaya. Shagunan 'yan Afirka duk a rufe, amma ta gilashi kana hango doya a jere da galan-galan na manja, ka rantse wata kasuwar gida ce aka ɗauko aka ajiye. Na tarar da Yaya a jingine da motarsa, ya riga ya loda kaya, ya sa baƙin tabarau alhali rana ba ta yi ƙarfi ba. Na gaishe shi, ya amsa da murya a dishe. Sai ya miƙo min makulli ya ce in tuƙa.

A nan na san akwai magana. Yaya ba ya ba kowa motarsa. Matarsa ma sai ta yi rantsuwa. Da muka shiga muka rufe ƙofa, sai warin ya same ni. Yana taunar cingam mai na'ana'a, ya fesa turare fiye da kima, amma a ƙarƙashin duk wannan akwai wani tsami da ban kasa ganewa ba. A ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki, na san warin giyar da ta kwana a jikin mutum. Ya ce jiya an yi liyafar sallamar wani abokin aikinsu, ba su tashi da wuri ba. Na ce, "Allah sarki, sannu Yaya." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Gaskiya ba ranar na fara zargi ba. Kusan shekara biyu ina ganin alamu ina kawar da kai. Mu a gidanmu ba a tsare babba da irin wannan magana. Rufa masa asiri ake yi, a yi masa addu'a, a nuna ba a gani ba. Amma na kuma san abin da aka koya mana a ajin nutso. Giya tana tsotse ruwan jiki. A can ƙasa kuwa, iskar da kake shaƙa tana narkewa ta shiga jini, in ka taso a hankali sai ta fita da numfashi. In aka yi gaggawa, ko jiki ya bushe, tana iya zama kumfa a cikin jijiya, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Ga sanyi da ke saurin kama wanda ya sha, ga hankali da ke yin nauyi, ga amai da zai iya taso wa mutum alhali bututu na bakinsa. Duk na san wannan, na ci jarrabawa a kai. Na tada mota muka kama hanya.

Gadar Verrazzano ta ɗan ɗauke min hankali. Tsawonta da tsayinta sun isa a tsaya a yi tasbihi, jiragen dakon kaya suna wucewa ta ƙarƙashi kamar ba komai. Kuɗin hawanta ne dai ba daɗi, kyamara ce ke ɗaukar lambarka, ba ma wanda za ka yi wa magiya. Muka sauka Brooklyn muka bi titin da ke gefen ruwa, masu gudun motsa jiki da masu kamun kifi sun riga sun fito. Yaya ya kwantar da kujera ya rufe ido. Sau biyu ina buɗe baki, sau biyu ina mayar da maganar ciki.

Sheepshead Bay wata duniya ce daban. Jiragen kamun kifi jere a bakin titi, ma'aikatansu suna kiran fasinja kamar 'yan kamasho a tasha. Manyan agwagin nan farare masu dogon wuya suna yawo a ruwa, tsofaffin Rashawa suna zaune a benci suna musu. Jirginmu ƙarami ne, mu takwas ne masu nutso. Kyaftin ɗin mace ce, Baturiya mai furfura, fuskarta duk rana ta gasa, ba ta da yawan dariya amma komai nata a tsare. Mai kula da masu nutso kuwa, wanda Yaya ya sha ba ni labarinsa, wani dattijo ne Bahaushen Gana, haifaffen zangon Takoradi. A tashar jiragen ruwan garinsu ya fara aikin walda a ƙarƙashin ruwa tun yana saurayi. Gajere ne, kakkaura, yana ɗan jan ƙafar hagu. Baba muke ce masa, har Turawan ma sun koya.

Kafin a kwance jirgi, kyaftin ta tara mu a bakin gaɓa da takarda a hannu, tana tambayoyin lafiya. Wa ke mura? Wa ke shan magani? Wa zai hau jirgin sama yau ko gobe? Sai ta zo kan ta ƙarshe: wa ya sha giya jiya da dare ko yau da safe? Tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wani saurayi mai zanen allura a hannu ya ce kwalba ɗaya da abincin rana jiya, ta gyaɗa kai ta wuce. Idonta na isowa kanmu, ban san lokacin da na yi tsalle na shiga gaba ba.

"Mu Musulmi ne," na ce da Turanci, da ƙarfi, har da ɗan murmushi. "Ba ma sha."

Ta ce in yi haƙuri, tambaya ce da take yi wa kowa, ta sa alama a takardarta. Na ji wani sanyi a raina, na ce na fitar da Yaya kunya. Ban kalle shi ba. Wanda na kalla Baba ne, yana tsugune yana ɗaure tukwanen iska, ya ɗago ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ci gaba da aikinsa.

Muka fita daga mashigin ruwa muka shiga teku sosai. Daga hagu ana hango rairayin Rockaway, a sama jirage suna ta saukowa JFK, ɗaya na bin ɗaya. Igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana saukewa. Yaya ya zauna a inuwa da kofin gahawa, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da iskar da ke kaɗawa. Baba ya zo ya karɓe kofin, ya sa masa gorar ruwa a hannu, sannan ya bi kowa da tasa gorar don kada abin ya zama na mutum ɗaya.

Baba yana da wata al'ada da na fara ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ya duba kayan mutane a taro. Ɗaya bayan ɗaya yake kiran kowa can bayan jirgi, daidai kan inji, inda ƙara ba ta barin na kusa ma ya ji abin da ake faɗa. Na zaci Yaya zai fara kira. Sai ya yafito ni.

Ya buɗe iskata, ya shaƙa, ya duba agogon awon iskar, ya ja ɗamarar darmar da ke nutsar da mutum. Sannan ya matso da bakinsa kunnena. Hausarsa irin ta zango ce, mai daɗin ji.

"Ɗan'uwa, in iskanka ya ƙare a ƙasa, wa zai ba ka?"

Na ce Yaya.

"In nasa ya ƙare fa?"

Na ce ni.

"To. Matar nan ya yi tambaya, kai ka amsa na mutum biyu. Cikinka ɗaya da shi?"

Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na fara cewa ai Yaya babba ne, ba zan iya ba, sai ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka komai a kansa ba, kar ka gaya min. Ba kai ake tambaya ba." Ya buga ƙafarsa ta hagu da tafin hannu. "Ka ga wannan? Ubana liman ne a zango. Ina da shekara ashirin da biyar, na bi abokai daren Juma'a muka sha, Asabar na shiga ruwa. Oga ya tambaya, abokina ya ce ai wannan ɗan liman ne. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Da na fito, ƙafa ya fara tsami, kai yana juyawa, na ce ai na jiya ne bai sake ni ba, na je na kwanta. Da na faɗi gaskiya da wuri, da an kai ni asibiti da wuri. Shekara arba'in ina jan shi."

Ya ɗaure min igiyar tukunya ya daki kafaɗata. "Kayanka lafiya. Je ka turo min Alhaji." Haka yake kiran Yaya.

Na koma na zauna ina satar kallonsu. Ba na jin ko kalma ɗaya, inji ya cinye komai. Na ga Baba yana duba kayan Yaya a natse, kamar yadda ya yi wa kowa. Na ga ya yi magana, Yaya ya girgiza kai. Baba ya ci gaba da gyara wani maɗauri, bai ko kalle shi ba, ya sake magana. Yaya ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon ruwa. Minti biyar ɗin nan sun fi min tafiyar jirgin fito tsawo. Ina tsoron ya ce zai shiga, ina kuma tsoron ya gane na san komai.

Da aka jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, Baba ya tafa hannu ya yi sanarwa da Turanci. Ya ce yau ruwa na ja da ƙarfi, yana buƙatar mutum mai hankali kuma wanda ya san nutso ya tsaya a sama, ya riƙe igiyar da ake saki a bayan jirgi, ya rubuta wanda ya shiga da wanda ya fito. Ya ce ya roƙi Alhaji, Alhaji ya yi masa alfarma ya yarda. Shi Baba kuma zai shiga da sabon ɗalibi, wato ni, da kansa. Turawan suka yi wa Yaya godiya, wani har da dafa masa kafaɗa. Kyaftin ta dubi Baba daƙiƙa ɗaya, ta miƙa wa Yaya allon rubutu. A raina na ce lallai waɗannan biyun sun daɗe suna aiki tare. Ban taɓa ganin an hana mutum abu, aka kuma ƙara masa girma a lokaci guda, sai ranar.

Na faɗa ruwa. Jama'a, ku manta da shuɗin tekun da kuke gani a talabijin. Ruwan New York kore ne, kamar miyar kuka da aka tsinka, ga sanyi da ke ratsa rigar roba ya taɓa ƙashi. Muka kama igiyar anga muna sauka hannu bayan hannu, ina matse hanci ina busa don kunnuwa su buɗe. Haske yana raguwa, ba na jin komai sai numfashina da kumfar da ke tashi. A wajen ƙafa saba'in sai wani baƙin abu ya fito daga cikin duhu, ashe gefen jirgin ne.

Ban san yadda zan kwatanta muku kyan wurin ba. Ƙarfen da mutane suka ƙera suka rasa, Allah ya mai da shi gari. Ko'ina fararen furannin ruwa ne masu motsi, in ka kai hannu su tsuke. Baƙaƙen kifaye masu kaurin leɓe suna shiga taga suna fita ta ƙofa. Baba ya haska wani rami da tocila, sai ga wani ƙaton jatan lande mai almakashi biyu ya ɗaga su yana jiran faɗa. Na yi dariya a cikin bututu har ruwa ya shigar min tabarau. Baba kuwa, mutumin da ke ɗingishi a kan jirgi, a nan ƙasa ba ka ganin alamar ciwo. Yana tafiya a hankali, hannuwa a naɗe a ƙirji, kuma duk bayan numfashi kaɗan sai ya juyo ya dube ni.

Muna zagayowa ta bayan jirgin sai na ji an riƙe ni. Na buga ƙafa, ban motsa ba. Na sake bugawa, abin ya ƙara ɗaurewa. Zaren masunta ne, irin wanda ido ba ya gani a ruwa, ya naɗe kan tukunyata ta baya inda hannuna ba ya kaiwa. Laka ta tashi saboda bugun da nake yi, na daina ganin komai. Numfashina ya fara gudu, zuciyata tana ce min in cire komai in yi sama da gudu, abin da aka ce kada mu taɓa yi. Ban kai ga ƙirga goma ba na ji hannu ya damƙi damtsena. Fuskar Baba ta bayyana dab da tawa, ya nuna idonsa, ya nuna nawa, ya yi min alamar in ja numfashi a hankali. Ya zagaya, na ji ɗan motsin almakashi sau biyu, sai ga ni a sake.

Muka hau a hankali, muka tsaya minti uku a ƙafa goma sha biyar kamar yadda ƙa'ida ta ce, muna riƙe da igiya, ruwa yana kaɗa mu. A wannan tsayuwar ne na gane abin da ya kusa faruwa. Tunani nake, da Yaya ne a bayana da kan da ya tashi da shi yau, daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin ya lura ba na biye da shi? Da shi ne zaren ya kama, ni sabon shiga, me zan iya yi masa? Na tuna matarsa da 'ya'yansa uku, na tuna murmushin da na yi a bakin gaɓa, na ji haushin kaina ƙwarai.

Da na fito sama, ashe Baba ba ƙarya ya yi ba game da ruwan. Na miƙa hannu zan kama tsani, ruwa ya ja ni na wuce shi. Kafin in tsorata igiya ta faɗo a kan kafaɗata. "Riƙe da kyau!" Muryar Yaya ce. Ya tokare ƙafa a gefen jirgi yana jawo ni, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, har ya kai ni tsani. Ya karɓi takalmana, ya rubuta lokacin fitowata a allo, ya miƙo min ruwa. Fuskarsa ta yi fari fat. Daga baya kyaftin ta ce masa, a gaban kowa, kada ya damu, ko tsofaffin matuƙa teku na sa su amai. Ashe muna ƙasa ya yi sau biyu a gefen jirgi. Na lissafa lokacin a raina, daidai muna wurin jirgin da ya nutse.

A hanyar dawowa saurayin nan mai zanen allura ya jawo akwatin ƙanƙara zai buɗe kwalba. Baba ya sa ƙafarsa mai ciwo a kan murfin. Ya ce iskar da suka kwaso a ƙasa ba ta gama fita daga jininsu ba, kuma in wani abu ya fara taɓa mutum, yana so ya ji shi da hankalinsa garau. Ruwa da kankana kawai ya yarda a taɓa. Saurayin ya yi gunaguni, ya ci kankana yanka huɗu.

Mun sauka bayan azahar. Muka yi salla a wani ɗan masallaci da ke bayan titi, sannan muka shiga gidan abincin wasu Musulmin Uzbekistan. Sun kawo mana burodi mai zafi daga tanda, da wani fanke mai nama da albasa a ciki, da shinkafa da karas da naman rago wadda mai ya ratsa ta ko'ina, da koren shayi a buta. Bai fi tsadar abincin Bronx ba, kuma kwano ɗaya ya ishi mutum biyu in ba masu nutso ba ne. Na ci kamar an kore ni daga gida. Yaya romo kawai ya sha. Mun gayyaci Baba, ya ce yana da tukwane takwas da zai wanke.

Ni na sake tuƙawa. Na tsaya a ƙofar gidansa a Tompkinsville, na kashe mota, na miƙa masa makulli. Bai karɓa ba.

"Tun a mota ka sani, ko?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na sani, Yaya."

Ya yi ajiyar zuciya. "Tun daga gada nake shirya abin da zan gaya wa matar nan. Na yanke shawara in ta tambaya zan ja ta gefe in ce yau ba zan shiga ba. Wallahi na riga na buɗe baki." Ya juyo ya dube ni, idonsa jawur. "Sai ka ce mu Musulmi ne. Bayan wannan, da wane bakin zan faɗa? Sai na ce a raina, to, in shiga kawai, abin da Allah ya yi shi ke nan."

Ni da na ɗauka na rufa masa asiri, ashe ƙofar da zai fita ta ita na rufe, na kuma tsaya a bakinta ina murmushi. Na ce ya yafe min. Ya ce shi ya kamata ya nemi yafiya, shi da ya so ya kai ƙaninsa ƙarƙashin teku da irin wannan kai. Muka zauna a motar har aka kusa la'asar. Maganar da muka shekara biyu muna zagayawa, ranar muka fara ta. Ba mu gama ba, kuma ba ta nan ba ce. Shi ya ce in rubuta wannan, in dai ban sa suna ba, ko wani zai amfana.

Na hau jirgin fito na komo, gishiri na bushewa a wuyana, kunnuwana suna ɗan ƙara. Manhattan ta taso gabana cikin hasken yamma, ban ma ɗaga waya na ɗauki hoto ba. Baba nake tunani, mutumin da bai yi wa'azi ba, bai tona kowa ba, ya dai san inda inji ya fi ƙara a jirginsa. Na koyi cewa giya da nutso ba sa haɗuwa, amma wannan tun a aji na sani. Abin da ban sani ba shi ne kunyata ma tana iya nutsar da mutum.

Na isa Mount Hope ana shirin magariba. Maƙwabciyar nan tawa tana fitowa za ta tafi aiki, ta ce, "Ka dawo da ranka?" Na ce na dawo, mu biyu ma. Mun sa ranar komawa wata mai zuwa, Yaya ya ce wannan karon shi zai tuƙa. In kyaftin ta zo kan tambayarta ta ƙarshe, zan amsa tawa, sannan in ja bakina in yi shiru, in bar Yaya ya amsa tasa.